Rogonmu a Ƙarƙashin Ruwa

Kafanchan, Talata da la'asar.

Zuwa ga ɗiyata Mildred,

Ina gaishe ki da gaisuwa mai yawa a cikin sunan Yesu Mai Cetonmu, ke da maigidanki Gregory da jikata Ƙauna. Yaya Fatakwal, yaya aikin asibiti, yaya ruwan saman nan naku da kika ce ba ya hutawa? Ubangiji ya ƙara miki ƙarfin tsayuwa a kan marasa lafiya, ya tsare fitarku da shigarku, ya raya mana Ƙauna cikin tsoronsa. Mu nan lafiya, sai godiya. Babanki gwiwar nan ce dai. Maganin shafawa da kika aiko yana nan a kan taga, yana shafawa in ya ga ina kallo, in na juya baya sai ya koma man kaɗanyarsa. Citta ta yi kyau bana, ganye ya fara kwanciya, in Allah ya yarda ƙarshen wata za mu fara tono. Ƙaninki Abednego ya koma makaranta tun makon jiya. Na so in kira ki, har na danna lambarki sau biyu na kashe, don na san halina, in na ji muryarki zan ce lafiya lau ne kawai mu yi ta hirar Ƙauna har kati ya ƙare. Shi ya sa na zauna ina danna wayar nan da yatsa ɗaya. Ki yi haƙuri da tsawonsa, ki karanta in kin tashi aiki.

Kin dai san maganar wasannin matasa da za a buɗe a sitadiyam ran Juma'a. To Mildred, da kin zo Kafanchan yau ba za ki gane hanyar gidanku ba. An shafa wa bakin titi fenti fari da baƙi tun daga randabawul har tashar jirgi. Itatuwa ma an shafa musu fari zuwa gindi kamar sun sa safa. Bolar nan ta bayan kasuwa ba a kwashe ta ba, langa-langa aka kafa a gabanta aka zana ɗan ƙwallo a jiki, warin dai yana nan bai san an zana komai ba. Masu tumatir da masu gasa masara an tashe su daga bakin hanya. An dasa furanni a randabawul ran Litinin ɗin makon jiya, kafin Laraba awaki sun gama da su, yanzu kowa an ce ya ɗaure akuyarsa. Amma abin da komitin wasan suka fi sa wa ido shi ne rafi, domin wai za a riƙa kwasar baƙi a bas ana kai su Matsirga su ga ruwa yana faɗowa daga dutse su ɗauki hoto, kuma ruwan da ke wucewa ta mashiginmu shi ne ke gangarawa can. Suka ce sati uku ba wanki, ba wanka, ba wanke babur, ba jiƙa komai, ba shanya a kan dutse.

A nan ne aikin da kika samo mini ya shigo. Na san da zuciya ɗaya kika yi. Kika kira Meshak, ɗan ajinku na sakandare da ke rubuta wa komitin takardu, kika ce masa mamanki tana nan, mace ce mai gaskiya, mata suna jin maganarta, a ba ta tsaron mashigin unguwarmu. Yaron nan ya zo har gida ya durƙusa ya gaishe mu, ya ce tun da Mildred ce ta faɗa shi ba ya neman wata shaida. Na ji daɗi a ranar, ba zan ɓoye miki ba. Babanki har ya ce yau gidansa ya samu ma'aikacin gwamnati na biyu bayan shi da ya yi reluwe.

Da aka yi sanarwa a coci cewa nan da kwana takwas, ran Litinin ta sama, za a rufe rafi, mata muka zauna bayan sujada muka yi lissafin kwanaki. Kin san rogon nan namu mai ɗaci ne, ba a cinsa sai ya kwana uku a ruwa ɗacin ya fita, sannan a matse a shanya a kan falalen dutse a niƙa alabo. Kuma kin san lokacin nan ne, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai shigo ba, alabo ne ke riƙe da gidaje. Sati uku ba rafi, yara za su ci me? Sai muka ce kowa ta tuge nata Litinin da Talata, a fere, ran Laraba a zuba a buhu a nutsar a gurbin nan na gefen dutse a danne da duwatsu yadda muka saba, ran Asabar a ciro. Haka aka yi. Har da hannu muka yi wa juna gayya. Buhu talatin da huɗu suka shiga ruwa, biyu nawa ne. Bridget, matar marigayi kafinta ɗin nan da ke bayan makarantar firamare, ita kaɗai tara ta sa, gonarta gaba ɗaya ta tuge, don yaranta biyar ne kuma ba mai kawo mata komai. Asibi maƙwabciyarmu, matar Malam Misbahu mai awo, ita ma ta sa nata uku a gefe, ban da talatin da huɗun nan namu.

Ran Alhamis sai ga saƙo daga Kagoma, wai bison Baba Azariya, tsohon dattijon ikilisiyarmu da gawarsa ke ajiye a mutuware tun watan jiya, an dawo da shi wannan Asabar ɗin. Da sati na gaba aka sa. Dalili kuwa wasannin nan ne dai, komiti sun kama duk kanofi da kujerun haya na garin nan daga Litinin, iyalinsa suka ga in ba su yi yanzu ba sai bayan sati uku. To wa zai ƙi zuwa bison Baba Azariya? Shi ya ɗaura auren rabinmu. Zumuntar Mata gaba ɗaya muka ɗaura zanen zumunta muka tafi tun da safe, mu ne girki, mu ne waƙa, mu ne wanke tukwane. Muka ce ƙarfe uku mun dawo mu shiga rafi. Ina! Fasto uku suka yi wa'azi, kowa yana cewa ba zai ja ba. Ga ruwan sama ya tare mu a hanya. Ba mu sauka daga mota ba sai da rana ta faɗi, rafi kuma ya ciko, ba mai hankalin da za ta shiga.

Yanzu ga inda laifina ya fara, ki karanta da kyau. Ran Lahadi da sassafe Asibi ta je ta ciro nata uku. Da muka fito daga sujada ta same mu a ƙofar coci, ta ce ita da 'yan'uwanta mata za su iya ciro mana namu duka su jera a bakin ruwa, tun da su Lahadi ba ta hana su komai, mu kuma mu kwashe da asuba. Ta ce mu ma ai muna tsare mata shanyarta ran sallah. Wasu mata suka fara murna. Rosemary, ƙawar nan tawa mai bakin tsiya, ta ce Allah ne ya aiko ta. Amma duka suka juyo suna kallona, don ni ce Uwar Zumunta. Kin san yadda muke da Lahadi a nan, ko tsintsiya ba a ɗagawa a fili, wadda aka gani da buhu a ka sai ta tsaya gaban dattawa. Na ce musu dokar hutu ba a kan hannunka kaɗai ta tsaya ba, wanda ka sa ya yi maka aiki ma kai ka yi. Na ce jiya muka binne mutumin da ya koya mana wannan, yau mu karya? Na ƙara da cewa su kwantar da hankali, yaushe ma'aikatan gwamnati suka taɓa zuwa wuri da wuri, in sun ce Litinin ai sai azahar za a gan su, mu kuwa ƙarfe shida muna cikin ruwa. Aka yi dariya, aka yi wa Asibi godiya, ta ce to shi ke nan, ta tafi tana girgiza kai.

Mildred, tun da aka haife ni ban taɓa ganin gwamnati ta cika lokaci ba sai wannan Litinin ɗin. Muna gangarowa da kwanduna gari bai gama wayewa ba, muka tarar da mota a bakin rafi. Har sun ja igiya ja da fari daga bishiyar mangwaro zuwa dutse, sun kafa tanti, sun ajiye 'yan banga biyu baƙin fuska da aka ɗauko daga wata unguwa don kada su ji kunyar kowa, kuma a nan za su riƙa kwana. Ciyaman na komiti da kansa yana tsaye, wani mai tumbi da waya biyu a hannu. Meshak ya hango ni ya rugo ya kama hannuna ya kai ni gabansa, ya ce ga mamar da ya ba shi labari, uwar Mildred nas, in ta ce fari to fari ne. Suka sa mini wata 'yar riga mai ruwan ɗorawa mai ƙyalli irin ta masu sharar titi, suka rataya mini usur a wuya. Ciyaman ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce duk unguwar da aka kama mutum ɗaya a cikin ruwa, ko aka samu ƙazanta a mashiginta, bayan wasa za a kewaye wurin da shingen waya mai ƙaya a mai da shi wurin shaƙatawa, an rufe ke nan har abada. Sannan ya juyo ya tambaye ni ko akwai wani abu a cikin ruwan nan yanzu. Na dubi mata, suna tsaye riƙe da kwandunansu. Na dubi Meshak, yana ta murmushi yana jiran in fitar da shi kunya. Ruwa ya ciko ya rufe duwatsun, ba a ganin komai. Bakina ya ce babu. Aka miƙo takarda na rubuta sunana.

Tun daga lokacin nake zaune a kan benci a gindin mangwaro, yanzu haka daga nan nake miki wannan rubutu. Ni ce mai gadin rogona da na 'yan'uwana kada masu shi su taɓa. In na bari suka shiga, an rufe mashigin da kakanninmu suka yi wanki a ciki, kuma sunanki da na Meshak sun shiga ciki. In na hana, abincin gida goma sha tara zai narke a ruwa ina kallo, kuma ni na hana a ciro lokacin da ake iya cirowa. Gaba kura, baya siyaki. Matan ba su yi mini faɗa ba, da sun yi ma da ya fi mini sauƙi. Zuwa suke yi su zauna a bayan igiya, wata tana ɓarar agushi, wata tana kitso, ba mai ce mini komai. Rosemary ce kaɗai ba ta iya shiru. In ta iso sai ta ƙame ta sara mini kamar soja ta ce ina kwana Ofisa, wai yaya rogon gwamnati ya kwana. Jiya ta ce in hura usur ɗin mana ko rogon zai ji tsoro ya daina laushi. Na yi dariya don kada in yi kuka. Bridget kuwa ta zo da goyo, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni Mama sannu da aiki, ta tsaya ta daɗe tana kallon gurbin, ta juya ta tafi. Wannan gaisuwar ba ta bar ni na ci abinci ba.

Yau da safe Meshak ya zo zagaye a kan babur. Na ja shi gefe na bi ta nesa, na ce a ce wata ta manta da wani abu a ruwa, ba za a ba ta ko awa ɗaya ta ɗauka ba? Ya ce Mama ko zoben aure ne sai bayan sati uku, wai jibi Alhamis manya za su zo daga Kaduna su duba rafin tun daga gada har Matsirga, kuma ciyaman ya ce masa in aka samu ko ledar ruwa ɗaya a yankinsa ya ajiye musu fayil ɗinsu ya koma gida. Kin san shekara shida yaron nan yana yawo da takardunsa, wannan ne aiki na farko da ya samu, kuma an yi masa alkawarin in wasa ya tafi daidai za a riƙe shi. Ya rame, Mildred, wuyan rigarsa har yana yawo. Ya ce mashigina ne kaɗai ba ya damuwa da shi, don ya san wadda ke wurin. Na so in gaya masa gaskiya, na fasa. Na gaya wa babanki, ya ce shi a reluwe in an ɗaga jar tuta ba ka motsi ko uwarka ce a kan layi, sannan ya ce amma fa shi tuwon alabo yake ci. Kin ji taimako.

Ruwa kuma ya fara ja baya tun da ba a yi ruwan sama ba kwana biyu. Ɗazu na ga kan buhu ɗaya ya fara leƙowa, kuma wani farin kumfa yana taruwa a gefen dutse. Kwana shida ke nan. In iska ta juyo ina jin tsamin, ɗaya daga 'yan bangan ya tambaye ni ko wani abu ya mutu a daji, na ce wataƙila. Ƙarya ta biyu ke nan, da zanen zumunta a ƙugu. Ban san abin da zan yi ba. Na yi addu'a har na rasa abin da zan roƙa, don duk abin da na roƙa wani ne zai cutu. Wayar tana nuna ja, kuma nefa ba su kawo wuta ba tun jiya. Bari in tsaya a nan.

Laraba da yamma.

Na kai wayar shagon caji, ga ni na dawo. Ban aika miki na jiya ba, gara ki karanta duka a haɗe. An gama, Mildred. Yau da na isa rafi ƙarfe bakwai, buhu huɗu sun fito fili, kumfa ya yi layi yana bin ruwa. Bridget tana zaune a bayan igiya ita kaɗai, ba ta ma kawo kwando ba, ta riga ta sallama. Na ga dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ko na hana ko na bari gobe za a gani, bambancin kawai ko yaran Bridget za su ci ko kifi ya ci. Na aike ta ta kira mata, kowa ta zo da kwando da buhun da ba ya yoyo. Na je wurin 'yan banga na gaya musu abin da ke cikin ruwan da wanda ya sa aka bar shi, na ce su kira wanda za su kira, amma kada su taɓa kowace mace, ni ce mai tsaron wurin kuma ni zan buɗe. Ban cire rigar ba, don kada gobe a ce mata sun saci hanya a bayana. Da ita na kwance igiyar daga jikin mangwaro, na ɗaure zanena, na fara shiga. Ruwan da sanyi har cikin ƙashi. Rosemary ce ta biyo ni, tana cewa Ofisa a hankali kada gwamnati ta zame. Muka yi layi muna miƙa wa juna. Wanda duk muka ɗaga sai farin ruwa ya tsiyayo, wasu buhunan muna taɓawa suka fashe a hannunmu, rogon ya zama kamar kunu. Kafin mu kai rabi rafin ya yi fari fat tun daga dutse har inda ido ya tsaya, warin kuwa ko a bakin titi ana ji.

A haka Meshak ya same mu. Ya sauka daga babur ya tsaya ya ɗora hannu biyu a ka. Ba a jima ba ciyaman ya iso. Bai ko dube ni ba, kan yaron nan ya sauka, a gaban mata da 'yan banga da masu wucewa, yana tambayarsa ko wannan ce mai gaskiyar tasa, ko wannan ce in ta ce fari fari ne, to ga fari nan ya gani. Na fito daga ruwa ina ɗiga na tsaya a tsakaninsu. Na ce yallaɓai yaron nan bai san komai ba, ni aka tambaya ran Litinin, ni na ce babu alhali na san akwai talatin da huɗu, har da nawa biyu. Na ce ni na hana a ciro ran Lahadi, ni kuma na kwance igiya yau. Ya ce ko na san abin da na jawo wa unguwata. Na ce na sani. Ya sa aka karɓi rigar da usur a nan take, ya ce Meshak ya rubuta sunan mashiginmu a cikin waɗanda za a sa wa shinge, maganar shi Meshak kuma za su yi ta a ofis. Yaron nan ya sunkuya ya rubuta. Abin da ya fi ci mini rai, da zai hau babur sai da ya juyo ya ce Mama sai an jima, kamar yadda ya saba.

A cikin talatin da huɗu, ashirin da ɗaya suka tsira. Bridget ta samu shida cikin taranta, nawa duka biyun suna cikin waɗanda suka fashe. Tun da an hana shanya a kan dutse, Asibi ta buɗe mana tsakar gidanta mai siminti, Malam Misbahu ya ba da tamfol ɗin da yake shanya masara, yanzu gidan nasu fari ne har ƙofa. Ba ta ce mini ai na gaya muku ba, ta dai miƙo mini ruwan zafi da citta ta ce in sha kada sanyi ya kama ni. Wajen ƙarfe uku Rosemary ta leƙa rafi ta dawo ta ce ruwa ya kwashe komai, ya koma garau kamar ba a taɓa shiga ba, manyan gobe ba abin da za su gani. Amma suna ya riga ya shiga takarda. Ba wanda ya san ko da gaske za su kawo shingen ko barazana ce, sai an gama wasa. Matan yau suna ta sannu Mama, sannu Mama, amma na san ranar da aka kafa ƙarfen nan, aka koma tafiyar mil biyu da kayan wanki a ka, za a tuna wadda ta ce a bari sai Litinin. Sati uku zan yi ina jira a cikin gida, ko hanyar rafin ba ni da izinin bi.

Ga abin da nake roƙonki. Meshak zai kira ki, ko ke ki kira shi, na san ba za ki iya zama ba. In kuna magana, kada ki ce masa Mama ta tsufa, ko Mama ba ta yi makaranta mai zurfi ba ba ta gane takardar da ta sa wa hannu ba. Na san za ki so ki faɗi haka don ki rufa mini asiri. Kada ki yi. Na gane kowace kalma. Ƙaryar ran Litinin tawa ce, gobe da safe zan je gidansu in durƙusa a gaban mahaifiyarsa in roƙi gafara, ran Lahadi kuma zan tsaya gaban dattawa in faɗa da bakina kafin wani ya kai musu, in sun ce in sauka daga Uwar Zumunta zan sauka. In akwai wanda kika sani da zai iya sa baki kada a kori yaron nan, ki yi don Allah, wannan shi ne taimakon da nake so. Ke ma ki gafarce ni, kin ba da sunanki a kaina na jiƙa shi. Amma abin da na yi yau da safe, kada ki ba kowa haƙuri a kansa.

Ki gaishe mini da Gregory da kyau, ki ce na gode da hular sanyin da ya aiko wa babanku. Ki sumbaci Ƙauna, ki ce Kaka ta ajiye mata gyaɗa. Ki gaida Anti Catherine in kun haɗu a coci, amma kada ki ba ta labarin nan tukuna, kin san kafin ki rufe baki ya kai Legas. Babanki yana gaishe ku, Rosemary da Asibi ma sun ce in gaishe ki. Ubangiji ya sa fuskarsa ta haskaka a kanku, ya ba ku salama. Ku sa mu a addu'a, ku sa Meshak a gaba.

Ni ce mamanki,
Damaris Ezekiyel